In birki fad ya ci gefe ɗaya, canza shi kaɗai ba gyara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah ina roƙon ɗan fili inyi magana da masu motoci da direbobin haya da kuma 'yan uwana kanikawa, musamman na nan Daura da Katsina da garuruwan da ke tsakani, akan wata matsala da kusan kullum sai ta shigo mana gareji kuma kusan kullum gyaran da ake mata ba shi ne ba. Maganar birki fad ce, wato 'yan ƙarafunan nan masu nama da ke matsewa su tsayar da taya, da yake cinyewa ba daidai ba, ka kwance taya ka ishe guda ya suɗe har ƙarfe ya fito, ɗan uwansa kuwa da namansa cif, ko kaga ƙafar dama ta cinye nata tas ta hagu tana nan da saura mai yawa. Ni bakanike ne, aikin ƙafa da birki shi nafi yi, kuma abinda nake so mutane su riƙe shine fad baya cin gefe ɗaya haka siddan, akwai abinda ya sa shi, in baka nemo wannan abin ba ka ɗora sabo to kuɗinka kawai ka zubar, motar kuma tana nan da ciwonta.

Yadda abin yake faruwa kowa ya sani. Mai mota zaiji ƙiiii in ya taka birki, ya shigo gareji yana sauri yace a canza mashi fad, oga ya turo yaro, yaro ya ɗaga mota ya kwance taya ya danne fistin ɗin da ke tura fad ya zura sabo ya ɗaure, kafin mai motar ya gama amsa waya an gama. Tsohon fad ɗin da aka cire a nan ƙasa za a yar dashi babu wanda zai ɗauka ya duba, alhali duk bayanin ciwon motar yana jikinsa. Bayan ɗan lokaci kaɗan ƙara ta dawo, sai a koma zagin mai shagon kayan gyara wai jabu ya bada. Jabu kam akwai shi a kasuwa babu musu, amma jabun fad in ya tashi cinyewa na ciki da na waje tare suke tafiya, dama da hagu tare. In kaga ɗaya ya ƙare ɗaya na nan, ka bar mai shago ya sha iska, matsalar a ƙafar motarka take.

Yawancin motocin da muke hawa a nan, su Golf da Sharon da 406 da Corolla da Honda, kalifarsu ta gaba, wato ƙarfen da ya rungume fad ɗin biyu, fistin ɗinta ta gefe ɗaya yake, ta ciki. In ka taka birki man birki zai turo fistin, fistin ya danna fad na ciki ya manne da dis, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, daga nan ita kalifar gaba ɗayanta sai ta zame akan wasu fin guda biyu ta jawo fad na waje shima ya manne. In ka ɗaga ƙafa kuma robar da ke zagaye da fistin a ciki ita ke ɗan maido shi baya, kalifa ta saki, taya ta samu sarari. To duk lafiyar birkin nan ta dogara ne akan zamewar nan. Kamar shanun huɗa ne guda biyu a karkiya ɗaya, in ɗaya ya noƙe ɗayan ne zai ja garmar shi kaɗai har ya faɗi.

Shi yasa na ke cewa a fara da fin ɗin nan. Wallahi a cikin motocin da suke zuwa min da wannan matsala, fin ne yafi yawa nesa ba kusa ba. Kowane fin yana da 'yar roba a wuyansa mai kamar murfi mai lanƙwasa, aikinta ta riƙe giris a ciki ta hana ƙura da ruwa shiga. Mu kuma ƙasarmu kowa ya san ta, rairayi ne, da hunturu ƙura har cikin hanci, da damina kuma ka shiga ruwa har rabin taya a cikin unguwa, ga zafin bazara da ke busar da roba ta tsage. Motar da take shiga ƙauyuka cin kasuwa, yau Mai'adua gobe Zango jibi Baure ko Mashi, in robar nan ta tsage ko ta fita daga mazauninta ba a ɗaukar lokaci yashi zai haɗu da giris ya zama kamar laka ya bushe, ruwa ya biyo baya tsatsa ta kama, fin ya ƙame. Ga kuma masu wankin mota da injin feshi da suke saita ruwan kai tsaye cikin ƙafa da sunan cire taɓo, shima yana tura ruwa inda bai kamata ba.

Sannan akwai laifinmu mu kanikawa a nan, kuma dole a faɗa. Giris ɗin da ake sa ma fin daban yake da na boris ko na shaf. Baƙin giris ɗin nan da ke cikin gwangwani a kowane gareji da baƙin mai na inji daga fetur aka samo su, kuma robar birki bata shiri dasu, suna kumbura ta. Wasu motocin ma ɗaya daga cikin fin ɗin yana da 'yar roba a bakinsa, da ka shafa mata baƙin giris yau zakaga fin yana zamewa lafiya lau ka sallami mai mota, bayan 'yan makonni robar ta kumbura ta toshe ramin, fin ya kame fiye da da. Giris na silikon ake sawa, wanda aka yi shi don birki, yana jure zafi kuma baya cin roba. Ana samunsa, in babu a Daura akwai a Katsina, in babu a sa a taho dashi daga Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ɗan kaɗan ake shafawa, ƙaramin tub ɗaya zai yi motoci da yawa. Haka wanke robar da fetur ko kananzir, shima a daina.

Kwanakin baya wani direban Sharon mai jigilar Daura zuwa Katsina ya kawo min motarsa, yace oga wannan ƙafar ta gefen fasinja ta ishe ni, fad baya daɗewa, anyi min alaimen anyi balansin duk a banza. Muka kwance. Fad na waje da namansa mai kauri, na ciki kuwa ƙarfe ne zalla har ya yi shuɗi don zafi, dis ɗin ta baya ya yi layi-layi zaka iya sa farce a ciki. Nace ya zo da kansa ya ja fin ɗin, ya kama na sama ya ja ya fito da ƙyar, na ƙasa kuwa ko motsi, sai da muka sa shi a bais muka juya da sifana muna bugawa a hankali sannan ya fito, jikinsa ja wur da tsatsa, bakinsa da busasshen giris da yashi, robarsa a tsage gida biyu. Ya riƙe fin ɗin yana juyawa yace yanzu wannan ɗan abin ne yake cinye min kuɗi? Nace shine Malam, kuma dis ɗin ma sai an canza shi. Alaimen ɗin da aka tura shi yayi ba ruwansa da wannan ciwon, alaimen taya yake ci.

Shi tsohon fad in ka iya karanta shi ya gama gaya maka inda zaka duba. Ka jera su huɗu a ƙasa, na dama biyu na hagu biyu, kada ka cakuɗa su. In na ciki ne ya cinye na waje na nan, ko dai fin ya ƙame kalifa bata zamewa fistin ke ta aiki shi kaɗai, ko kuma shi fistin ɗin ne baya komawa yana danne da fad ko baka taka ba. In na waje ne ya cinye to kalifa tana zamewa ta kama amma bata saki, nan ma fin ne ko kuma kunnen fad ɗin ya cije a cikin birakit. In kaga fad ɗin ya ci a karkace, sama da kauri ƙasa siriri, to fin ɗaya na aiki ɗaya ya mutu, ko fin ɗin sun yi lako-lako a raminsu kalifa na kwanciya gefe. Maganar kunnen fad ɗin nan ma ana raina ta, akwai 'yan ƙarafuna sirara da fad ke zama a kansu, tsatsa tana taruwa a ƙarƙashinsu ta ɗago su, sai kaga yaro ya ɗauko guduma yana buga sabon fad don ya shiga. Fad ɗin da aka shigar da guduma ta ina zai motsa? Da yatsa ya kamata ya shiga ya fita. A cire 'yan ƙarafunan a goge wurin da buroshin ƙarfe ko samfefa har ƙarfe ya yi haske, in sun lanƙwashe a sa sababbi.

In kuma ƙafa guda ce ta cinye duka biyun ɗayar ƙafar na nan, to hankali ya koma kan fistin da tiyon birki. Anan ne ake yawan yin asara, a sai ma mutum kalifa alhali tiyo ne, ko a canza tiyo alhali fistin ne, bayan ga hanya mai sauƙi ta rarrabewa. A ɗaga motar, wani ya taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu ya saki, ka juya tayar da hannu. In ta yi nauyi ko taƙi juyawa, ka ɗan sassauta ɗan notin nan da ake cire iska ta wurinsa. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, to man ne yake shiga baya iya komawa, mafi yawa tiyon ne ya ruɓe ta ciki, daga waje zakaga shi lafiya lau amma cikinsa ya ɓare yana toshe hanyar dawowa. In ka buɗe kuma taya na nan a kame, to ciwon a jikin kalifa yake, fistin ya yi tsatsa ko fin. Kuma abinda ke kashe tiyon nan da wuri har da sakin kalifa da ake yi tana lilo a jikinsa lokacin da ake aiki, don Allah a samu waya a rataye ta a jikin sifirin.

Fistin kuwa abu biyu ke kashe shi, tsagewar robar da ta rufe bakinsa da kuma tsohon man birki. Mutanenmu basa canza man birki, ƙari kawai ake yi in ya ragu, zaka buɗe murfi ka ishe shi baƙi ƙirin. Shi wannan man yana shan danshi daga iska a hankali, ruwan ya je ya kwanta a cikin kalifa ya ci fistin. Banda tsatsa ma akwai abinda yafi ta haɗari, sabon man birki mai lamba DOT 3 sai zafi ya kai wajen digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma in suka sha ruwa sai abin ya sauko wajen 140 da 155, to ka haɗa wannan da ƙafar da dama tana kame tana zafi tun daga Daura har Mashi da lodi a bayanka, sai ka zo taka birki kaji feda ta tafi ƙasa babu komai. Kamfanoni da yawa sun ce a zubar a sa sabo duk bayan shekara 2, kuma irin wanda motarka ke sha yana rubuce a kan murfin. Masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare a hanya kuma su ji tsoron Allah, in larura ta sa kayi don ka fita daga daji to ka isa gari a wanke layin gaba ɗaya a ranar. In fistin tsatsarsa sama-sama ce ana iya gogewa a sa sababbin robobi, in ya yi rami-rami to ba gyara, a nemi wata kalifar, in ta Beljiyam ce kuma a gwada ta a hannu tun a shago don wasu da ciwonsu suke zuwa.

Dis ba sai na daɗe a kansa ba. In ya yi layi mai zurfi ko ya yi baki a gefe zai cinye sabon fad ya maida shi kamarsa, in kuma sitiyari na rawa in ka taka birki a guje to kaurinsa ba ɗaya bane. A jikinsa an buga MIN TH da lamba, ƙarshen siririn da aka yarda ya kai kenan, in ya kai nan ba maganar kai shi a sheme, a canza, kuma biyu ake canzawa. Boris mai girgiza shima yana sa dis ya riƙa lilo yana goge fad, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza kaji. A ƙafar baya kuma kebur ɗin hambirki yana kamewa, sannan wasu motocin masu dis a baya fistin ɗinsu murɗa shi ake yi ya koma, in aka danne shi da ƙarfi an kashe kalifar.

Mai mota ma akwai abinda zai iya ganewa da kansa tun kafin ƙara ta fara, ba sai ya iya kama sifana ba. Kayi tafiya mai ɗan nisa a hanya miƙaƙƙiya ba tare da yawan taka birki ba, ka gangara ka tsaya, ka zaga ka kai bayan hannunka kusa da kowane wil, kusa nace kada ka taɓa dis don zai sale maka fata. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai ko kaji ƙauri na tashi, wannan ƙafar tana kame. Ka lura da wil ɗin da ya fi sauran yin baƙar ƙura. Ka lura in mota na ja gefe, in tana ja kana cikin tafiya baka taka komai ba wataƙila ƙafar wannan gefen ce ta riƙe, in kuma sai ka taka take fizga to gefen da ta fizga shine mai aiki, ɗayan ne ya mutu. Kuma in an kwance taya kada ka yarda da leƙen fad na waje kawai, na ciki shi ke ɓuya kuma shi yafi ƙarewa. Sabon fad na gaba namansa yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen 3 lokacin canji yayi, kada a jira ƙarfe.

Akwai wasu dabaru da ake yi da sunan sauƙi da nake roƙon a bari. Wani zai ce a juya mashi, na waje ya koma ciki na ciki ya dawo waje don su ƙare tare. Wani zai sai saiti ɗaya yace a sa ma ƙafar da ta cinye kawai sauran biyun ya ajiye a but, sai ya zama dama da sabon fad na wani kamfani hagu da tsoho na wani, kamunsu ba zai taɓa zama ɗaya ba, ranar da akuya ko yaro ya gitta ka taka da ƙarfi motar juyawa zata yi. Mafi muni shine kashe ƙafa, a sa ƙusa a toshe layin man ko a matse tiyon da filaya a ɗaure, mota ta koma tafiya da birkin ƙafa uku, kuma da fasinja a ciki, mata da yara 'yan kasuwa da 'yan biki. Na sha ganin wannan a motocin haya, in kayi magana ace oga na yau ne kawai gobe zan gyara, kuma ƙusar tana nan har wata ya zagayo. Na san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 direba lissafin kowace naira yake, kayan gyara sun yi tsada, ga balas ɗin mai mota ga cefanen gida. Amma ko ta fuskar kuɗin ma ƙafar da ke kame fetur take sha maka a kowace tafiya don injin jan birki yake yi, tana cin fad, tana cin dis, zafin yana narkar da giris ɗin boris shima ya tafi, alhali wanke fin da sa mashi giris da sabuwar roba bai kai kuɗin fad saiti ɗaya ba.

Ga 'yan uwana masu gareji, yaran da muke koyarwa abinda suka ga muna yi shi zasu ɗauka su tafi dashi nasu garejin. In yaro ya tashi yana ganin duk canjin fad sai an zare fin an goge an shafa an gwada da hannu, an duba roba, an goge birakit, anyi ƙafa biyu tare, shima haka zai yi har ya tsufa. A hana su hure ƙurar birki da baki, tana illa a ƙirji, a kuma hana su shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In an ɗaure taya a ɗaure notin a gicciye, kuma kafin mota ta motsa ko taku ɗaya a taka birki a tsaye har feda ta yi tauri, don bayan an danne fistin takun farko babu birki, ana mantawa mota ta shige bango ko ta hau kan mutum a cikin gareji. Sannan a gaya ma mai mota ya bi sabon fad a hankali da farko, ya samu hanya mara cunkoso ya riƙa kai wa kamar gudun kilomita 50 a awa yana ragewa sannu-sannu har fad da dis su zauna da juna, banda taka mai ƙarfi sai in dole.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu na Daura da Katsina su ma ina roƙonsu su sa hannu, tunda su ke da iko da layi, motar da aka san an kashe mata ƙafa kada a bata lodi sai an gyara, wadda aka matse ma tiyo kuma gane ta ba wuya, leƙa bayan taya ne kawai a gani. Jami'an kiyaye haɗurra masu zuwa tasha wayar da kai lokacin sallah da ƙarshen shekara, in sun zo maganar gudu da taya su haɗa da wannan, in suna buƙatar bakanike ya zo da kalifa a hannu ya nuna ma direbobi fin mai kyau da wanda ya ƙame, akwai mu da yawa da zamu zo ba sai an biya mu ba.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka, ya tsare mu a hanyoyinmu.

Naku,
Wani bakanike mai aikin ƙafa da birki,
Daura, Jihar Katsina.